Shafa wa Majinyata Mai a Ɗariƙar Katolika: Tarihin Ibadar da Matsalar Sunanta a Hausa

1. Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya karanta ƙagaggun labaran Faransa na ƙarni na 19 ya taɓa cin karo da kalmar extrême-onction. A cikin Madame Bovary na Gustave Flaubert, wanda ya fito a 1857, an nuna limamin coci yana shafa wa Emma mai a idanu da hanci da baki da hannaye da ƙafafu, jim kaɗan kafin ta cika. Daga irin waɗannan littattafai ne masu karatun faransanci da yawa suka ɗauka cewa wannan ibada sallama ce da ake yi wa wanda ajalinsa ya zo. Amma wanda ya buɗe littattafan ibada na Katolika na yanzu, sunan da zai tarar shi ne onction des malades, wato shafa wa marasa lafiya mai.

Manufar wannan takarda ita ce bayyana abin da ya kawo wannan canjin suna, da yadda ake gudanar da ibadar a yau, da abin da ya kamata mai fassara ya kiyaye idan zai kawo ta cikin Hausa. Ƴan Katolika tsiraru ne ƙwarai a Nijar. Suna ƙarƙashin yankunan bishop (diocèses) biyu: na Yamai, da na Maraɗi wanda aka kafa a 2001, ya haɗa jahohin Maraɗi da Tawa da Damagaram da Agadas da Difa. Duk da ƙarancinsu, a gidajen likita ɗaya ake kwantar da su da kowa, kuma sau da yawa ma'aikacin jinya ko maƙwabcin da ke zaune da majinyacin Musulmi ne. Idan majinyaci ya ce a kira masa limaminsu, yana da amfani na kusa da shi su san abin da yake nema. Sunan da aka ba ibadar shi ke sa iyali su aika kiran limami da wuri, ko su jinkirta har lokaci ya ƙure.

2. Matsayin ibadar da tushenta

A koyarwar Katolika akwai ibadu bakwai da ake kira sakramenti (sacrements). Sakramenti alama ce ta zahiri, kamar ruwa ko gurasa ko mai, wadda suka yi imani cewa Almasihu ne ya kafa ta, kuma ta hanyarta Allah ke ba mutum alherinsa. Bakwai ɗin su ne: baftisma, tabbatarwa (confirmation), jibin Ubangiji (eucharistie), tuba da furta zunubi, shafa wa majinyata mai, naɗin limamai, da aure. Littafin koyarwar Katolika da aka fitar a 1992 ya haɗa tuba da shafa mai a rukuni ɗaya, ya kira su sakramentin warkarwa.

Wurare biyu na Sabon Alkawari ne ake kafa hujja da su. Na farko yana cikin Linjilar Markus, sura 6, aya 13, inda aka ba da labarin cewa almajiran da Yesu ya aika sun shafa wa marasa lafiya da yawa mai, suka warke. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, yana cikin Wasiƙar Yakubu, sura 5, aya 14 da 15. Abin da ke ciki a taƙaice shi ne: wanda ba shi da lafiya ya kira dattawan jama'ar masu bi, su yi masa addu'a tare da shafa masa mai da sunan Ubangiji; addu'ar da aka yi da imani za ta cece shi, za a tashe shi, in kuma yana da zunubi a gafarta masa. A lura da cewa nassin bai ambaci mutuwa ba. Maganarsa a kan mara lafiya take. Kalmar Girkanci da aka fassara da dattawa ita ce presbyteroi, wadda daga gare ta aka sami prêtre na faransanci, kuma Katolika sun fahimce ta da ma'anar limaman da aka naɗa.

Amfani da mai ba baƙon abu ba ne a ƙasashen Bahar Rum na wancan zamani. Da man zaitun ake girki, da shi ake kunna fitila, da shi ake jinyar rauni, da shi kuma ake naɗa sarakunan Bani Isra'ila. Saboda haka mai ya zama alamar ƙarfi da sauƙi da keɓewa ga Allah.

3. Yadda ibadar majinyata ta koma ta masu mutuwa

A ƙarnonin farko, abin da ya fi fitowa a rubuce shi ne addu'ar sa wa mai albarka. Ana samun irinta a littafin nan da ake kira Tradition apostolique, wanda aka saba danganta shi da ƙarni na 3, da kuma cikin addu'o'in da ake jingina wa Serapiyon, bishop na Tumuwis a Masar, na ƙarni na 4. A shekara ta 416 Fafaroma Inosan na Ɗaya ya rubuta wa Desantiyus, bishop na Gubiyo a Italiya, wasiƙa inda ya bayyana cewa bishop ne ke sa wa man albarka, amma bayan haka limamai da sauran Kirista duka suna iya amfani da shi, su shafa wa kansu ko iyalansu in bukata ta taso. Ke nan a wancan lokaci mutane kan ɗauki man su kai gida.

Sezar, bishop na Aral a kudancin Faransa, wanda ya rasu a 542, ya sha yin wa'azi a kan wannan. Mutanensa sababbin shiga Kiristanci ne, kuma da ciwo ya kama yaro sai uwa ta nufi wajen boka ko mai duba, ko ta rataya masa laya. Sezar yakan ce musu su zo coci su karɓi jibin Ubangiji da mai mai albarka, su shafa wa kansu da ƴaƴansu. A wajensa man nan na neman lafiya ne, kuma da bokaye yake takara.

Al'amarin ya fara canzawa a ƙarni na 8 da na 9, zamanin Sharlaman da magadansa. Aka tsara littattafan ibada, aka mayar da shafawar aikin limami shi kaɗai. Babban abin da ya karkatar da ita shi ne haɗa ta da tuba. A wancan zamani horon da ake ɗora wa mai tuba yana da tsanani, don haka mutane da yawa sukan jinkirta tuba sai sun ga mutuwa ta matso. Tun da ba a shafa wa mutum mai sai ya tuba, sai shafawar ita ma ta bi tuba zuwa bakin kabari. Har jerin ibadun ya juye: da can a tuba, a shafa mai, sa'an nan a ba da jibin Ubangiji na ƙarshe, daga baya shafawar ta koma can ƙarshe. A ƙarni na 12 sunan extrema unctio, wato shafawar ƙarshe, ya zauna, kuma Piyer Lombar ya sa ta da wannan suna cikin jerin sakramenti bakwai a littafinsa da ya zama abin karatun malaman tauhidi na ƙarnoni da dama.

Malaman ƙarni na 13 sun gina bayaninsu a kan abin da suka tarar ana yi. Toma na Akino ya ce babban amfaninta shi ne kawar da raunin da zunubi ya bari a rai, don shirya mutum shiga ɗaukaka. Wasu malamai, musamman Duns Sikot, sun ce ya fi dacewa a ba da ita ga wanda ya kai matsayin da ba zai ƙara iya yin zunubi ba. Su kuma talakawa suka ƙara nasu camfe-camfe: wai wanda aka shafa wa mai in ya tashi ba zai ƙara cin nama ba, ba zai kusanci iyalinsa ba, ba zai taka ƙasa ba takalmi ba. Shugabannin coci sun yi ta ƙaryata waɗannan maganganu, amma sun isa su sa mutum ya ƙi kiran limami muddin yana da sauran tsammanin tashi.

Taron Fulorans na 1439 ya tsara abin kamar haka: man zaitun ne da bishop ya sa wa albarka, ana ba da shi ga majinyacin da ake tsoron mutuwarsa, kuma ana shafawa a wuri bakwai, wato idanu, kunnuwa, hanci, baki, hannaye, ƙafafu da ƙugu. A kowace gaɓa limami yana roƙon Allah ya gafarta abin da mutumin ya aikata ta hanyarta, kamar gani ko ji ko tafiya.

A 1520 Martin Luta ya musa cewa wannan sakramenti ne. Ɗaya daga cikin hujjojinsa ita ce Yakubu ya yi maganar mara lafiya da zai tashi, su kuwa sun mayar da abin na masu mutuwa. Kalbin ma ya ƙi ta. Cocin Ingila ya bar ta cikin littafin addu'arsa na 1549, ya cire ta a na 1552. Taron Taranti ya mayar da martani a zamansa na 14, a watan Nuwamba 1551, ya tabbatar da cewa sakramenti ne da Almasihu ya kafa, Yakubu ya shelanta. Akwai wani ƙaramin gyara da aka yi a wurin mai babbar ma'ana: daftarin farko ya ce masu mutuwa kaɗai ake ba, amma rubutun da aka amince da shi ya ce marasa lafiya ake ba, musamman waɗanda ke gab da mutuwa. Ƙofar ta zauna a buɗe, ko da yake a aikace an ci gaba da jiran numfashin ƙarshe har ƙarni huɗu. Cocin Otodoks na gabas bai bi wannan hanya ba. A wajensu ibadar ta ci gaba da zama ta neman lafiyar jiki da rai, kuma a cocin Girka akan shafa wa dukan jama'a mai a ranar Laraba ta makon da ke kaiwa ga Ista.

4. Gyaran 1963 da 1972

Taron Batikan na Biyu ne ya mayar da abin kan tushensa. A takardarsa kan tsarin ibada, ta 4 ga Disamba 1963, sakin layi na 73, an ce sunan shafawar marasa lafiya ya fi dacewa, kuma lokacin karɓarta ya riga ya yi da zarar mai bi ya fara shiga haɗarin mutuwa saboda ciwo ko tsufa. An kuma mayar da tsohon jeri: tuba, shafa mai, sa'an nan jibin Ubangiji na ƙarshe. Fafaroma Pol na Shida ya fitar da sabon tsarin a 30 ga Nuwamba 1972, dokokin coci na 1983 kuma suka tattara ƙa'idojin a doka ta 998 zuwa 1007.

Wanda ake shafa wa. Mai bi ne da aka yi wa baftisma, wanda ya kai munzalin hankali, kuma ciwo mai tsanani ko tsufa ya sa rayuwarsa cikin haɗari. Ana iya yi wa wanda za a yi wa aikin tiyata saboda ciwo mai haɗari, da tsohon da ƙarfinsa ya ragu sosai ko da ba a gano wata cuta ba, da yaron da ya yi wayon da zai sami ƙarfafawa daga gare ta. Ana iya maimaitawa idan mutum ya warke ya sake kwantawa, ko ciwon ya ƙara tsanani. Wanda ya fita hayyacinsa ana yi masa, in an san da yana cikin hankalinsa zai nema. Ba a yi wa gawa. In limami ya tarar mutum ya riga ya cika, addu'a kawai zai yi masa, amma in ana shakkar ko da sauran rai, doka ta ce a shafa. Haɗarin kuma dole ya zama daga ciwo ko tsufa: sojan da zai shiga yaƙi lafiyarsa lau ba ya cikin waɗanda ake shafa wa.

Wanda ke shafawa. Bishop ne ko limamin da aka naɗa, wanda jama'a ke kira mon père. Dikon, ko malamin koyar da addini (catéchiste), ko ƴar'uwa mai hidimar coci, ba su da wannan iko. Fadar Batikan ta sake jaddada haka a 1997 da 2005. Wannan ƙa'ida tana da nauyi a ƙasa irin Nijar, inda limamai kaɗan ne kuma tsakanin wannan coci da wancan akan yi tafiyar ɗaruruwan kilomita. Iyalin da suka jira sai majinyaci ya fara gargara kafin su aika, sau da yawa limami zai iso bayan an gama. Malamin koyarwa yana iya ziyara da addu'a, wanda aka ba izini kuma yana iya kai jibin Ubangiji, amma shafawar sai limami.

Man da ake shafawa. Bishop ne ke sa masa albarka sau ɗaya a shekara, a wata babbar ibada da ake yi ranar Alhamis ta kafin Ista ko wata rana kusa da ita (messe chrismale), sa'an nan a rarraba wa limamai. In bukata ta matsa, limami yana iya sa wa mai albarka da kansa a lokacin ibadar. Tsarin 1972 ya lura da cewa man zaitun yana da wuyar samu a wasu ƙasashe, don haka ya halatta wani man in dai daga tsiro aka tatso shi. Bisa wannan ƙa'ida man gyaɗa ko man riɗi suna iya shiga, man shanu kuwa ba ya shiga, tun da daga dabba yake.

Yadda ake yi. Ana iya yi a gida, ko a gidan likita, ko a coci ga majinyata da yawa a lokaci ɗaya. Limami zai yi gaisuwa, ya yayyafa ruwa mai albarka, ya saurari furcin zunubi in majinyaci yana so, a karanta wani yanki na Littafi Mai Tsarki, a yi roƙo tare da waɗanda ke wurin. Daga nan sai ya ɗora hannuwansa a kan majinyaci, shiru, ba magana. Sa'an nan ya shafa masa mai a goshi da tafin hannaye, yana roƙon Ubangiji ya taimake shi da alherin Ruhu Mai Tsarki, ya ƴantar da shi daga zunubi, ya cece shi, ya tashe shi. In lokaci ya ƙure, shafawa ɗaya a goshi ko wata gaɓa ta wadatar. Da hannu ake shafawa, sai in akwai babban dalili, kamar cuta mai yaɗuwa, inda doka ta yarda a yi amfani da wani abu. A annobar korona ta 2020 limamai a wurare da dama sun shafa da auduga.

Abin da ake fata. Littafin koyarwa na 1992 ya lissafa: ƙarfin zuciya da natsuwa don jure ciwo ko tsufa, haɗa wahalar majinyaci da wahalar Almasihu, gafarar zunubi in mutum bai sami damar furtawa ba, samun lafiyar jiki in hakan ne alheri ga ransa, da shirin tafiya lahira. Ba a yi alkawarin warkewa ba, kuma tsarin 1972 ya ƙarfafa majinyaci ya yaƙi ciwonsa, ya kuma yaba aikin likitoci. A 1992 Fafaroma Jan Pol na Biyu ya keɓe 11 ga Fabrairu ta zama ranar majinyata, aka fara a 1993, kuma coci da yawa sukan yi shafawar jama'a a wannan rana. Duk da haka tsohon tsoro bai gushe ba. A Fabrairu 2014 Fafaroma Faransis ya koka da cewa har yanzu akwai masu ƙin kiran limami don suna ganin in ya fita masu ɗaukar gawa ne za su shigo.

5. Matsalar fassara

Mai fassara zuwa Hausa yana fuskantar tarko huɗu.

Na farko, bin tsohon sunan. Wanda ya ce shafawar ƙarshe ya dawo da ma'anar da cocin kansa ya yi watsi da ita tun 1963. Wannan suna ya dace ne kawai idan ana fassara rubutun da aka yi kafin gyaran, kamar labarin Flaubert, inda lalle abin da marubucin ke nufi ke nan. A sauran wurare, shafa wa majinyata mai ko shafawar marasa lafiya shi ne daidai. Abin da Katolika ke ɗauka a matsayin ibadar ƙarshe ta mai mutuwa shi ne jibin Ubangiji da ake kira viatique, daga kalmar Latin mai nufin abin da matafiyi ke riƙewa a hanya. A nan Hausa tana da kalma a shirye, wato guzuri. Haka kuma kuskure ne a kwatanta shafa mai da laƙƙana wa mai mutuwa kalmar shahada, domin ita wannan sai a ƙarshe ake yi, shafawa kuwa ana so a yi ta mutum yana cikin hankalinsa, yana iya amsa addu'a.

Na biyu, kalmar shafa kanta. A Hausar yau da kullum shafa mai abu ne da ake yi bayan wanka, musamman da hunturu. Shafe kuma tana iya nufin gogewa ko kawarwa, kamar a ce an shafe rubutu. Don haka ya kamata kullum a ambaci wanda ake yi wa, a kuma fito da addu'ar da ke tare da shafawar. Akwai abin da ke taimaka wa mai fassara a nan: sunan Almasihu da Hausawa suka sani ya fito ne daga saiwar Larabci mai nufin shafa, wadda ita ce ake amfani da ita ga shafar kai a alwala, kuma Kristos na Girkanci ma'anarsa shafaffe. Ke nan shafa a matsayin aikin ibada ba baƙuwa ba ce ga kunnen Bahaushe.

Na uku, magani. Bahaushen da ya ga an yi addu'a a kan mai an shafa wa mara lafiya, abin da zai fara zuwa ransa shi ne tofi ko rubutun sha. Akwai kama a zahiri, domin duka sun haɗa addu'a da wani abu da ke taɓa jiki. Amma tofi da rubutu ana yin su ga kowane irin ciwo ko bukata, kuma warkewa ake nema kai tsaye. Shafawar Katolika an keɓe ta ga ciwo mai haɗari, limami kaɗai ke yi, ba a sayar da ita, kuma ba a cewa ta ƙi ci idan majinyaci bai tashi ba. Kiran man da sunan magani zai sa a auna ibadar da ma'aunin da ba nata ba.

Na huɗu, kalmar sakramenti. Girkawa mysterion suke cewa, kuma wanda ya bi wannan zai iya faɗawa kan asiri. Amma asiri a Hausa ya fi karkata ga sihiri da sammu, kamar a ce an yi wa wane asiri. Gara a bar kalmar aro, a bi ta da bayani a karon farko.

6. Kammalawa

Tarihin wannan ibada ya nuna yadda al'adar jinkiri ta haifar da suna, sunan kuma ya dawo ya ƙarfafa jinkirin, har abin da aka fara yi don majinyaci ya tashi ya zama alamar an fid da rai. Gyaran 1963 da 1972 ya warware wannan a littattafan Latin da faransanci. A harsunanmu aikin yana hannun masu fassara da masu tsara ƙamus. Shawarar wannan takarda ita ce a sa shafa wa majinyata mai ga onction des malades, a keɓe shafawar ƙarshe ga extrême-onction tare da nuna cewa tsohon suna ne, a ba viatique kalmar guzuri, a kuma guji magani da asiri. Ya rage a gudanar da bincike a tsakanin Katolika masu jin Hausa, a Dogon Dutsi da Maraɗi da Damagaram, da kuma arewacin Najeriya inda Ingilishi ne harshen da ake aro daga gare shi, don tattara kalmomin da su kansu suke amfani da su a gida da coci, a gwada su da waɗanda aka kawo a nan.